Rigar da Ta Yi wa Bronek Yawa

Ruka, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Kawu Walek, ya gama sauko da tumakinsa daga dutse? In kin tambaye ni, lafiyata ƙalau, sai sanyin ƙasar nan, wanda ko mu 'yan Poronin sai mun sara masa. Na san kin fi so in kira ki, amma kunnenki ba ya kama komai a waya sai sunan Bronek, ni kuma maganar da ke bakina ba ta ihu ba ce.

Kin ga autanki Bronek ya zo na huɗu a gasar farko ta tsalle daga tudun ƙanƙara a kakar bana. Ba sai an faɗa mini ba, na san kin tara maƙwabta gaban talabijin, kin kunna kyandir, kin sake ba su labarin yadda kika ga alama tun yana rarrafe. Tsallen ya yi kyau, ba zan tauye shi ba. Da ya bar bakin tudu ya kwanta a kan iska, ni kaina da na ɗinka rigar da ke jikinsa sai da na manta da numfashi.

Amma ni ce mai tef ɗin awo, Mama. Duk 'yan tsallen ƙungiyarmu ta hannuna suke bi, kuma na sha gaya miki dokar: rigar tsalle ba ta fin jikin mai ita da abin da ya wuce faɗin yatsa biyu, domin in ta yi yawa sai ta kama iska ta kai mutum nesa. Bayan an sauka akwai ɗakin awo, in suka sami ragowa sun soke tsallen ke nan, ko da a wata ƙasa ka dira. Don haka babu wanda ya san jikin yaran nan kamar ni. Tun bazara nake rage wa Bronek riga, in rage, in sake ragewa. Cinyarsa yanzu ina iya zagaye ta da hannuwana biyu.

Ba ya cin abinci. Da safe baƙin kofi, da rana ganye, da yamma sai ya ce ya ci a ɗaki. Cukun hayaƙin nan da kika naɗe masa a tawul, masu goge katakan da 'yan tsalle ke ɗaurawa a ƙafa su sulala ne suka cinye shi, har sun ce a yi miki godiya. Sikeli ba ya kama shi, don kafin a auna nauyinsa sai ya ɗura wa cikinsa ruwa. Na ce masa, "Auta, in ka ci gaba a haka, nan gaba hankici zan ɗinka maka ka hau tudu da shi." Ya yi dariya ya ce, "Yaya Ludka, kin taɓa ganin tsuntsu mai tumbi a sama? Ke dai ci naki ki ci nawa, ai keken ɗinki ba ya tashi." Kowa a teburin ya fashe da dariya, har da koci. Ni ban ga abin dariya ba.

Ga roƙona. Za a ba mu hutun Kirsimeti kafin gasar tudu huɗu. Ki ja shi ɗaki, ku biyu, ki sa shi ya yarda ya ga likita. Ba abinci nake so ki tura masa ba, magana nake so ki yi masa. Maganata ta yayarsa ce mai mita, taki kuwa har yau tana ratsa shi.

Ki gaishe mini da Gwaggo Rozalia da duk na gida. Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Ludka


Innsbruck, farkon Janairu

Mama,

Bayan gaisuwa da fatan kin shiga sabuwar shekara lafiya, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Ba zan tambaye ki ko kin kalli gasar jiya ba, duk ƙasa ta kalla. Ina so dai ki ji yadda abin ya faru daga bakina, kafin ki gama jin sa daga bakin jarida.

Na roƙe ki magana, kika ba shi cokali. Ranar jajibirin Kirsimeti, bayan mun gutsura burodin albarka, kika jera abinci kala goma sha biyu kamar kullum, kika tsaya a kansa gaban Gwaggo da Kawu kika ce, "Duk wanda ya tsallake kala ɗaya, sa'ar shekara ta tsallake shi. Ka ci, ɗana, tudu huɗu na jiran ka." Kin san inda za ki taɓa shi. Yaron da ba ya saka takalmin dama kafin na hagu, shi zai yi wasa da sa'a? Ya sha miyar naman kaza, ya ci kifi, ya ci pierogi, ƙullin fulawar nan mai cushe, ya ci kabeji da wake, bai bar ko ɗaya ba. Ya ci washegari, ya sake ci rana ta uku. Ni ina kallon idonsa, ke kina kallon farantinsa.

A cikin wannan ƙoshin na auna shi, a falonki, domin sabon yadi ya iso kuma ranar kaɗai nake da ita in yanka masa rigar Innsbruck. Tef ya nuna ya ciko. Kika dafa kafaɗata kika ce, "To uwar tsoro, ga shi nan. Ba likita yake so ba, girkin uwarsa yake so." Na ji daɗi, Mama, wallahi na ji daɗi. Na yanka yadi a kan wannan awon ina waƙa.

Da muka bar gida sai ya fara biyan abin da ya ci. Ya rufe bakinsa ruf, ya tare a ɗakin tururi yana zubar da gumi, in ya hango ni da tef sai ya sauya hanya. A tudu biyun farko tsofaffin rigunansa ya saka, babu abin da ya fito fili. Jiya da safe na je ɗakinsa in sake auna shi kafin ya saka sabuwar, na tarar ya riga ya saka, ya rufe da jaket. Ya ja da baya ya ce, "Haba Yaya, ranar tsalle? Gawa kike so ki auna?" Wa ya sa masa wannan a kai? Ke ce. Tun yana ƙarami kike kore ni in na zo da tef ranar da zai hau tudu, wai mai rai ba a auna shi ranar haɗari, aikin mai akwatin gawa ne. Ni ma 'yarki ce, na naɗe tef na fita.

Kin ga tsallen. Babu wanda ya kai inda ya kai. Mutanenmu da suka cika motoci suka zo sun busa ƙaho har kunnena ya toshe, shi kuma ya durƙusa ya sumbaci ƙanƙara. Daga nan aka shiga da shi ɗakin awo. Inda ya kamata yatsa biyu su shiga a ƙugunsa, huɗu suka shige. Mai awon bai yi zalunci ba, ko ni ce a wurinsa abin da zan rubuta ke nan. Aka sauke sunansa daga saman allo aka kai shi ƙasan kowa.

'Yan jarida suka tare shi a bakin ƙofa. Ina tsaye a bayansu, yana gani na. Ya ce, "Ni tsalle na iya, ban iya ɗinki ba. Ku tambayi masu allura." Mai allura ɗaya ce a ƙungiyar nan, kuma cikinmu ɗaya da shi.

Yau da safe shugabanni sun dakatar da ni har sai an yi bincike. An sauke kekena daga motar kaya. Jaridun gida suna kira na mai maguɗi, wata ma ta zana ni ina ɗinka wa ƙanena laima. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki ba a taɓa soke rigata ba. Ba zan zo Poronin ba tukuna, zan sauka Nowy Targ wurin ƙawata Aniela.

Ina gaida kowa. Ki huta lafiya.

Ludka


Nowy Targ, tsakiyar Janairu

Mahaifiyata,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya ke da mutanen gida. Kawu Walek ya zo, ya kawo dankali da saƙonki. Dankalin na gode.

Bawan Allah, ya zauna yana murza hularsa, ya kasa kallo na. Da ƙyar ya ce, "Ludka, uwarku ta ce ki haɗiye. Ta ce ki ce hannunki ne ya kuskure, ki bar yaron ya yi gasar gida ta Zakopane. Wai ke kina iya ɗinki har ki tsufa, shi kuwa shekarunsa na tsalle kaɗan ne." Na ce, "Kawu, ta tambayi ko ina cin abinci?" Ya ce, "Ke ma dai, ai ke ba a jin ki." Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa ji na ba.

Haɗiya ba baƙuwata ba ce. Kin tuna ɗan tudun da Baba ya tara mana a bayan rumbun ciyawa? Ni na fara sauka daga kansa, kuma har na kai shekara goma sha uku Bronek bai taɓa wuce sawuna ba. Da Baba ya rasu kika ce gidan nan ba zai iya ɗaukar 'yan tsalle biyu ba, kika cire katakan daga ƙafata kika ba shi, kika zaunar da ni gaban keke. Ban yi miki musu ba. Na bi shi ƙasa ƙasa da allura a baki, ina murna da kowane taku nasa kamar nawa. In da sunana ne kawai a kan faranti, da na bar muku shi kun cinye.

Amma shekaranjiya Bronek ya zo nan. Gidan Aniela bene ne, hawa biyu kacal. Na ji shiru bayan ya danna ƙararrawa, na leƙa, na same shi zaune a kan matakala, leɓensa ya yi shuɗi. Mutumin da ƙasa ke jira ya tashi sama, ya kasa hawa bene. Na kama hannunsa, sanyi kamar ƙarfen ƙofa. Ban ma samu na yi masa faɗan da na tanada ba.

Bai ba ni haƙuri ba, roƙo ya zo yi. Ya ce, "Zakopane kawai, Yaya. Ki bar ni in yi tsalle a gida, gaban Mama. Bayan nan ko saniya kika yanka zan cinye har ƙaho." Na ce, "Kai da ka kasa bene?" Ya ce, "Ai tudu sauka ake yi, ba hawa ba." Ya so in yi dariya. Da ya ga ban yi ba sai bakinsa ya suɓuce, ya ce wani lokaci in ya taso daga sandar zama a can saman hasumiya, duhu yakan rufe masa ido na ɗan lokaci, amma yana washewa kafin ya kai bakin tudu. Yana faɗa yana murmushi, wai don hankalina ya kwanta.

Mama, ki karanta wannan layin sau biyu. Ɗanki yana gangarowa da gudun da ya fi na mota, idonsa a rufe da duhu, yana fatan ya washe a kan lokaci. Ranar da bai washe ba fa?

Ranar Alhamis likitan ƙungiya zai kasance a Zakopane. Ki zo mu je tare. In ke kika faɗa, Bronek zai yi fushi ya huce, mutanen gari kuma za su ce uwa ce. In ni kaɗai na faɗa, kin san abin da za su ce. Kawu zai kawo ki a motarsa, zan jira ki a bakin cocin katako. Ban taɓa roƙon ki wani abu don kaina ba, wannan ma ba don kaina ba ne.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki ta fari,
Ludka


Nowy Targ, ƙarshen Janairu

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce kin kwanta kwana biyu, ina fata jikin ya yi sauƙi. Gwaggo ta ce kin hana a ambaci sunana a gidan, to ga shi a rubuce, ba sai kowa ya furta ba.

Na jira ki a bakin cocin har ƙafafuna suka mutu. Motar Kawu ta zo, shi kaɗai ne a ciki. Ya sauke gilashi ya ce, "Tana gugar tuta." Sai na tafi ni kaɗai.

Na gaya wa likita komai: ruwan da yake sha kafin sikeli, ɗakin tururi, benen Aniela, duhun. Ya kira Bronek ya jona masa na'urar zuciya. Sai na ga ya cire tabarau ya kira koci. Kafin la'asar an cire sunan Bronek daga gasar, da duk sauran gasannin bana. Da aka fito da shi za a kai shi asibiti ya tsaya a gabana. Na zaci zai zage ni. A hankali ya ce, "Kin wanke allurarki da jinina, Yaya. Allah ya ba ki kasuwa."

Na san abin da na ɓata muku. Na san Poronin ta yi hayar motoci, an rubuta sunansa a zannuwan gado, makaɗan goge sun yi sabuwar waƙa, ke kuma kin fito da rigar fatar da kika ajiye tun bikin Gwaggo. Ranar gasar ban je ba, amma da Aniela ta kunna talabijin na ji ƙahonin nan, na ga taron nan ja da fari, sai na shiga bayi na rufe ƙofa. Kina tsammani ban so in gan shi a saman tudun nan ba? Ni na fi kowa so.

Yanzu garin nan ya yi mini ƙunci. Na je kasuwar Alhamis sayen cuku, matar da nake saye a wurinta tun ina budurwa ta rufe kwandonta ta ce wa ta kusa da ita, "Ɓoye kuɗinki, ga Yahuza maciyar amana ta shigo." A coci benci guda nake samu ni kaɗai, ga wuri har in miƙe ƙafa. Da ina mai maguɗi ma sun fi so na, don a lokacin wai ɗansu na yi wa maguɗin.

Shugabanni sun kira ni, sun ce bincike ya wanke ni, in dawo da kekena. Jaridar da ta zana ni da laima ta sa gyara a can ƙasan shafi, kusa da tallan taya. Na ce musu ba zan koma ba. In na koma, maganar Bronek ta wanke allura ta zama gaskiya ke nan a idon kowa, har da naki. Na karɓi aiki a wani shago a nan, ina rage tsawon wanduna da sauya zif.

Ki sha maganinki a kan lokaci. Ki gaida Kawu, shi kaɗai ke amsa gaisuwata.

Ludka


Nowy Targ, ƙarshen Maris

Zuwa ga mahaifiyata,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, ko an amsa ko ba a amsa ba. Ina fata kina lafiya, kuma sanyi ya fara sakin gwiwar. Saƙonki ya iso ta bakin Gwaggo: kada in zo bikin Ista, domin za a sallamo Bronek ya yi hutun a gida, kuma ba kya son ransa ya ɓaci. Na ji. Ba zan zo ba, ki kai kwandon albarka coci ba tare da ƙwaina ba.

An rufe kakar bana a Planica ranar Lahadi. Na kalla a shago, ina warware ɗinkin wani siket. Yaron da ya ɗauki kofi, a Ruka yana bayan Bronek. Na san kin lura, na kuma san wa kika tsine wa. Wataƙila da kofin yana falonki yanzu. Wataƙila kuma da akwatin gawa ne a falon, da kyandir a kansa da ƙafarsa. Ba wanda zai taɓa sani, kuma wannan rashin sanin ni aka bar wa shi in kwana da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na je asibitin a Krakow ranar Talata. Sau uku ina zuwa ana ce mini ba ya karɓar baƙi. Wannan karon wata nas ta tausaya mini, ta ce in tsaya a baranda ta shiga ta gaya masa. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji ta ce, "Yayarka ce ta zo."

Mama, sai ya daka tsawa. Ya ce, "Ba ni da yaya! Ki ce ta koma inda ta fito! Ta kashe ni, yanzu ta zo ganin kabari?" Ya jefi ƙofar da wani abu, ina jin kofin shan ruwa ne. Masu jinya suka leƙo daga ɗakuna, wani tsoho mai sanda ya tsaya yana kallo na. Nas ɗin ta fito fuskarta ja, tana ba ni haƙuri.

Na ce mata babu komai, na sauka, na zauna a bencin tashar mota. A nan ne na lura abin da ya tsaya mini a rai ba zagin ba ne. Muryar ce. Rabon da in ji muryar Bronek ta cika ɗaki, ta fito baranda, ta sa mutane leƙowa, ya fi shekara biyu. Duk hunturun nan da raɗa yake magana, yana hutawa a tsakiyar jimla, ku kuna cewa natsuwar zakara ce. Ranar Talata ƙirjinsa a cike yake. Ya zage ni da numfashi ɗaya bai tsaya ba, har ya sami ƙarfin jifa.

Na yi kuka a tashar nan har mota biyu suka wuce ni. Ban yafe masa maganar Innsbruck ba, ke ma ban yafe miki bakin cocin ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in kun zauna teburin Ista ya fara zagi na, kada ki hana shi. Ki bar shi ya ɗaga murya yadda yake so, ki saurara da kyau. Ko da kunnenki za ki ji shi.

Allah ya ja kwananki, ya ƙara masa lafiya.

Ni ce 'yarki,
Ludka